Gudu da Gudummawa: Haƙƙin Mazan da Suka Faɗi a Bakin Daga



Abin da aka nemi in yi magana a kansa yau shi ne wata al'ada da ta yi ƙarfi a waɗansu ƙasashen duniya, watau jama'a su taru su yi gudu mai nisa don tunawa da sojojinsu da suka mutu a bakin daga, sa'an nan su tara abin da za a taimaki iyalan da suka bari. An ce in duba ko wannan al'ada za ta zauna a ƙasarmu, musamman a ƙasar Yawuri, watau Yelwa da Ngaski da Shanga da sauran garuruwan bakin Tafkin Kainji. Ni dai ba soja ba ne, ba kuma ɗan wasan guje-guje ba. Sana'ata nazarin harshe, saboda haka ta ƙofar harshe zan shiga, kuma ina roƙon ku yi haƙuri in kun ga na ɗan daɗe a zaure kafin in isa tsakar gida.

Matsala ta farko tana cikin kalmar kanta. A bakin Bahaushe gudu ba abin yabo ba ne, balle a fagen fama. In aka ce wane ya gudu, an gama da shi, har 'ya'yansa sai an yi musu gori. Jarumi shi ne wanda a ke ce wa ba gudu ba ja da baya. Mai gudun hijira abin tausayi ne, mai gudun dangi abin zargi ne, matar da ta gudu daga ɗakinta sai an bi ta da biko. Ko kalmar tsere, wadda mu ke amfani da ita a wajen gasa, 'yar'uwar “ya tsere” ce, watau ya kuɓuce. Dattijo kuwa ba ya gudu sam, sai fa in gobara ta tashi. Saboda haka in ka je wa wani tsoho a Birnin Yawuri ka ce masa za a girmama wanda ya tsaya ya ƙi gudu har aka kashe shi, kuma hanyar girmamawar ita ce a taru a yi ta gudu, kada ka yi mamaki in ya dube ka sheƙeƙe. Yana da hujja.

Amma akwai gudu iri guda wanda Hausa ta ɗaukaka, har ta gina masa kalma. Ku dubi kalmar gudummawa, ku dubi abin da ke kanta. A yau in an ce gudummawa sai hankalinmu ya tafi ga kuɗin biki, ko ambulan da a ke miƙawa a wajen ƙaddamar da littafi. A da kuwa gudummawa ita ce ɗaukin da a ke kai wa waɗanda abokan gaba suka rutsa da su: an ji kururuwa daga ƙauyen da ke maƙwabtaka, ko an ji gangar gangami, kowa ya yar da fartanya ya suri kwari da baka ya sheƙa. Wannan gudun fuskarsa wajen haɗari ta ke, bayansa kuwa wajen tsira. Shi kaɗai ne gudun da namiji zai yi a yi masa kirari. To, ra'ayina a wannan lacca shi ne, gudun tunawa da mazan jiya ba zai sami gindin zama a ƙasar Hausa ba sai in ya zama gudummawa a ma'anarta ta da da ta yanzu gaba ɗaya, watau a ji kururuwar gidan mamaci, a tashi, a isa, kuma a isa da wani abu a hannu.

Abin sha'awa, tarihin wannan doguwar tsere a wajen Turawa ma daga neman ɗauki ya faro. Labarin da aka fi yayatawa shi ne, a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, bayan mutanen Atina sun ci Farisawa da yaƙi a wani fili da a ke kira Maraton, wani manzo ya taho a guje har birni, ya yi albishir, ya faɗi ya mutu. Wannan ruwaya daga baya ta zo. Herodotus, wanda ya fi kusa da zamanin, abin da ya kawo dabam ne: kafin a gwabza aka aiki manzon daga Atina zuwa Sparta, tafiyar kilomita 240 ko fiye, ya je ya roƙi gudummawa. Da aka farfaɗo da wasannin Olimfik a 1896 sai aka ɗauki ruwayar albishir aka yi tsere da ita, tsawon da kuma a ke bi yau, kilomita 42 da mita 195, daga wasannin London na 1908 ya samo asali. Mu kuwa da abin ya iso mana sai muka raɗa masa suna gudun fanfalaki, ko kuma gudun ya da ƙanin wani. Ku riƙe wannan suna na biyu. Ma'anarsa tafiya ce mai wuya wadda in aka ba ka amanar yaro za ka yar da shi a hanya, tun da ba ƙaninka ba ne. Bahaushe ya iya zunɗe, kuma ya faɗi gaskiyar gasa. Gudun da na ke magana a kansa kishiyar wannan ne, don kuwa dalilin yin sa shi ne ƙanin wani da ɗan wani da matar wani.

Misalin da ya fi kusa da mu a wannan nahiya yana Afirka ta Kudu. Wani tsohon soja mai suna Vic Clapham ya yi Yaƙin Duniya na Farko a Afirka ta Gabas, inda aka yi ta bin rundunar Jamusawa a ƙasa, cikin zazzaɓi da yunwa da ƙishirwa. Da ya komo gida sai ya ga gunki ko allon dutse ba za su nuna irin wahalar da abokansa suka sha ba, ya nemi a shirya tsere tsakanin Pietermaritzburg da Durban, kusan kilomita 90, domin masu rai su ɗanɗana a jikinsu. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙi a 1919, ta sake ƙi a 1920, sa'an nan ta yarda. Ran 24 ga Mayu 1921 mutum 34 suka tashi, 16 suka kai. Ita ce tseren Comrades, wadda a yanzu dubban mutane ke shiga. An san ta da wata ɗabi'a: in wani ya faɗi kusa da ƙarshe, sai ka ga waɗanda ba su san shi ba sun tsaya sun ciccibe shi, ko da hakan zai sa lokacin da aka ƙayyade ya kuɓuce musu.

Sai dai a cikin wannan kyakkyawan labari akwai tabo, kuma tabon ya fi labarin amfani a gare mu. Ba a yarda baƙar fata ko mace su shiga tseren a hukumance ba sai a 1975, baƙin mutum kuwa bai ci ta ba sai a 1989, lokacin da Sam Tshabalala ya zo na ɗaya. Alhali kuwa baƙaƙen Afirka ta Kudu fiye da 600 ne suka nutse a jirgin ruwan Mendi ran 21 ga Fabrairu 1917, a kan hanyarsu ta zuwa Faransa aikin yaƙi. Kuma a wannan daji na Afirka ta Gabas da Clapham ya sha wuya, akwai namu. Rundunar Nijeriya ta isa can a ƙarshen 1916, ta kuma yi mummunar asara a Mahiwa cikin Oktoba 1917, ban da 'yan dako da aka kwasa daga ƙauyuka suka mutu da kaya a ka. A 2021 hukumar da ke kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashen renon Ingila ta fitar da rahoto, ta amsa da bakinta cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a wancan yaƙi, galibinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu ba, waɗansu ma ba a yi musu alamar kome ba, adadin kuma yana iya kai 350,000. Watau tunawa ma tana da 'yan mowa da 'yan bora.

Kada mu yi saurin nuna Bature da yatsa. Mu duba namu adabin. Kirari da waƙoƙin fada sun adana mana sunayen sarakuna da barade, har da sunayen dawakinsu. Kowa a wannan yanki ya san Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim na Kwantagora, da irin abin da ƙasar Yawuri da Kambari suka gani a hannunsu a ƙarni na 19. Amma dakarun da suka bi su a ƙasa, da waɗanda suka tare su a bakin ganuwa suka mutu, wa ya riƙe sunan ko guda? Makaɗi inda ya ga riga da doki ya ke kai ganga. A Yaƙin Duniya na Biyu samarinmu sun je Bama cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, da yawa ba su komo ba. Mun sa wa barikoki sunayen wuraren da aka yi artabu, kamar Myohaung da Arakan a Ikko da Dalet a Kaduna. Mun tuna da wuraren, mun bar mutanen.

A Amirka, inda wannan al'ada ta gudu ta fi yawa a yau, suna ne jigon abin. A 2008 waɗansu matasa suka ratsa ƙasar a guje daga Kalifoniya zuwa maƙabartar sojoji ta Arlington, kowane mil guda suka kafa 'yar tuta da sunan sojan da aka kashe a Iraƙi. A 2010 wata mata mai suna Lisa Hallett, wadda aka kashe mijinta a Afganistan a 2009 ya bar ta da ƙananan yara uku, ta haɗu da waɗansu matan sojoji suka kafa ƙungiyar masu gudu da shuɗayen riguna. Kafin su tashi sukan yi da'ira, kowa ya ambaci sunan wanda zai yi gudun dominsa. Akwai kuma tseren da a ke yi a New York don tunawa da Stephen Siller, ɗan kwana-kwanan da ya ratsa hanyar ƙarƙashin ruwa a guje da kayan aikinsa a baya ran 11 ga Satumba 2001, ya nufi benayen da ke cin wuta, bai fito ba. Wannan kam gudummawa ce ta asali. Asusun da danginsa suka kafa yakan biya bashin gida na iyalan waɗanda suka mutu a bakin aiki. Ban kawo waɗannan don a ce yaƙoƙin Amirka abin yabo ne ba, wannan wata magana ce dabam. Na kawo su don abu biyu da ke cikinsu: ana kiran suna, kuma ana biyan wani bashi takamaimai.

Yanzu mu komo gida. Ran 17 ga Yuni 2021 'yan bindiga suka faɗa wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yawuri da rana tsaka, suka kwashe ɗalibai da malamai, 'yan matan ƙarshe ba su komo hannun iyayensu ba sai a 2023. A wannan rana an kashe ɗan sanda guda daga cikin masu gadin makarantar. Duk wanda ke cikin ɗakin nan ya san sunan ɗan bindigar da aka ce shi ya jagoranci harin. Wanda ya san sunan ɗan sandan ya ɗaga hannu. A watan Maris 2022, cikin 'yan kwanaki kaɗan, an yi wa 'yan sa kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba aka kashe fiye da 50. Aka tare ayarin Mataimakin Gwamna na lokacin, Sama'ila Yombe Dabai, a Kanya ta Danko-Wasagu, aka kashe sojoji fiye da 10 da waɗansu 'yan sanda. Aka kuma kashe 'yan sandan da ke gadin masana'antar tumatir a ƙasar Ngaski. Sakaba da Wasagu ƙasar Zuru ce, amma dajin ɗaya ne, kuma waɗanda suka tare hanya a can garuruwan bakin Kwara suka tare wa. Waɗansu daga cikinsu ba 'yan jihar nan ba ne. Daga kudu aka turo su, ba su jin Hausa sosai, suka mutu a ƙauyen da iyayensu ba su taɓa jin sunansa ba. Haka namu 'ya'yan, na Yelwa da Wara da Shanga, waɗansunsu ke kwance a Maiduguri.

Ina jin mutanen bakin Kainji sun fi kowa sanin zafin rashin kabarin da za a ziyarta. Da aka gama madatsar ruwan a 1968, an ta da mutum wajen 44,000 daga mazauninsu. Tsohuwar Busa ta nutse, gungaye da yawa na Gungawa suka nutse, da gonakin albasa, da kushewun kakanni. Wanda ya ga haka ba sai an yi masa dogon bayani ba a kan uwar da aka aiko mata da saƙo cewa an riga an binne ɗanta a wani wuri mai nisa.

Hukuma tana da ranarta, 15 ga Janairu, Ranar Tunawa da 'Yan Mazan Jiya. Da can 11 ga Nuwamba a ke yi tare da sauran ƙasashen renon Ingila, aka mai da ita ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970. Kafin ranar akan ƙaddamar da bajon tunawa a sayar, shugabanni su yi alkawarin kuɗi ga ƙungiyar tsofaffin sojoji, a yi addu'a a masallaci ran Juma'a, a yi a coci ran Lahadi, ranar kuma a ajiye furanni, a harba bindiga, a saki tantabaru. Ba na raina wannan. Amma ku lura, a babban birnin jiha a ke yi, a bayan shingen tsaro, talaka ɗan kallo ne in ma an bar shi ya matso. Kuma sojan da a ke ajiye wa furen, da gangan aka ce ba a san sunansa ba. Wannan hikima ce ta Turai bayan Yaƙin Farko, don gawawwakin da aka kasa ganewa. Mu kuwa matsalarmu dabam ce: mamatanmu an san su sarai, suna da lamba, suna da fayil, ba a dai faɗa ba ne. In babban hafsa ya rasu, kamar Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a 2016, ko Laftanar Janar Ibrahim Attahiru a hatsarin jirgi a Kaduna a 2021, ƙasa takan girgiza, kuma sun cancanta. Farabiti da kofur kuwa sukan shige cikin jimlar “da waɗansu”.

Na san akwai wanda zai ce, mu da mu ke da addu'a da sadaka, me ya kai mu ga gudu? Tambaya ce mai nauyi, kuma ni ma ban ce gudu yana ƙara wa mamaci kome a kabarinsa ba. Ba ibada ba ce, kada kowa ya mai da shi ibada. Gangami ne, kamar yadda a ke gayya a nome gonar marar lafiya. Amma ba baƙon abu ba ne a tarihinmu. Malamai sun kawo labarin Sahabi Salamatu ɗan Akwa'u, wanda mahara suka kore raƙuman Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi kururuwa ya sanar da Madina, ya bi su a ƙasa shi kaɗai yana harbi har ɗauki ya iso. Sa'an nan da aka kashe Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib a Mu'uta a shekara ta 8 bayan Hijira, Manzo da kansa ya tafi gidansa ya rungumi 'ya'yansa, ya kuma umarci a dafa wa iyalin abinci. Ga gudun, ga gudummawar. 'Yan'uwanmu Kirista, waɗanda 'ya'yansu ke da yawa a cikin mamatan nan, su ma littafinsu cike ya ke da umarnin kula da gwauraye da marayu.

To, me gidan mamacin ke bukata? A nan ne na ke so ma'aikata su ba ni kunnuwansu, domin a teburinku abin ya ke kwana. In soja ko ɗan sanda ya mutu a bakin aiki, a ƙa'ida akwai haƙƙoƙi: kuɗin jana'iza, da garatuti, da inshorar rai, a wajen soja kuma har da tallafin karatun 'ya'ya. Amma haƙƙi a takarda dabam, kuɗi a hannu dabam. Yaro ya shiga aiki yana da shekara 20, ba shi da aure, aka ba shi takarda ya rubuta wanda za a nema in ya mutu, ya sa sunan wansa ko kawunsa. Ya yi aure, ya haifi uku, bai koma ya canja ba. Ran da ta faru, hukuma wancan sunan ta sani. Shari'a kuwa ta ce matar tana da tumuni, watau kashi ɗaya cikin takwas, in akwai 'ya'ya, iyaye suna da nasu sudusin, ragowar na 'ya'ya ne, wan nan kuwa ba shi da kome muddin akwai ɗa namiji. Sunan da ke cikin takarda wakili ne kawai, ba magaji ba, amma sau nawa a ke bayyana wa dangi haka? Daɗin daɗawa, matar tana cikin takaba wata huɗu da kwana goma, daidai lokacin da a ke bukatar a kai takardar shaidar mutuwa, da ta aure, da ta haihuwar yara, da takardar kotu, da lambar banki. Ɗakin bariki kuma ba nata ba ne, wata rana za a bukace shi. Mace daga wani tungan masunta a Ngaski, wadda ba ta yi boko ba, ita za ta bi fayil har Abuja? Kuɗin motar kaɗai ya isa ya sa ta haƙura.

Saboda haka in har za a yi wannan gudu a Yawuri, ga yadda na ke ganin zai yi ma'ana. Tsakanin Birnin Yawuri, tsohuwar hedkwatar masarauta, da Yelwa bai kai mil 10 ba, kuma tsakiyar Janairu hunturu ne, in an yi sammako rana ba za ta cuci kowa ba. A tashi daga kusa da makarantar nan da aka kai wa hari, a ƙare a ƙofar fada. Kowane mai gudu ya ɗauki sunan mamaci guda a ƙirjinsa, da garinsu, da inda ya faɗi, kuma kafin a tashi a karanta sunayen duka da ƙarfi, ko da za a yi awa guda ana yi. Wanda ba ya iya gudu ya yi sassarfa, dattawa da mata su yi tattaki cikin suturarsu, babu wanda ya ce sai an sa gajeren wando. Mutanen ruwa kuwa suna da abin da ya fi wannan. Bikin Rigata na Yawuri tushensa jaruntakar Gungawa ce a kan kogi, kuma tseren kwalekwale a jininsu ya ke, sai a ba su nasu zangon a ruwa. Maƙwabtanmu na Argungu sun riga sun nuna cewa wasa yana iya ɗaukar nauyin tarihi, don kuwa bikin kamun kifinsu ya ɗaukaka ne daga 1934, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai ziyarar da ta rufe tsohuwar gaba tsakanin Sakkwato da Kabi.

Wajen kuɗi ne na fi jin tsoro. Tseren London, wadda aka fara a 1981, ta tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan ɗaya, kuma dabarar mai sauƙi ce: mai gudu ya bi 'yan'uwa da abokai, kowa ya yi alkawarin abin da zai bayar in ya kai ƙarshe. Wannan ba ya fi ƙarfin ɗalibi ko ɗan kasuwar Yelwa ba. Amma mun san halinmu. Za a kafa kwamiti, kwamiti ya kafa ƙananan kwamitoci, a buga riguna da huluna, a kama rumfuna, a ba da alawus na zama, a gayyato babban baƙo ya yi alkawarin miliyoyi a lasifika, washegari a nemi bauca a rasa. A ƙarshe a tara matan mamata a rana, a ba kowace turmin atamfa da ƙaramin buhun shinkafa, a ɗauki hotonta tana kuka. Wannan ba gudummawa ba ce, tallar talaucin mutane ce. Hausawa sun ce ba a haɗa gudu da susar katara. Kuɗin shiri ya fito daga aljihun masu hali tun kafin ranar, abin da masu gudu suka tara kuwa kada a taɓa ko kwabo. A manna lissafin a ƙofar fada da sakatariyar kowace ƙaramar hukuma. A kuma kashe shi a kan abin da a ke iya ƙirgawa: kuɗin makarantar yaro kaza har ya gama, kuɗin mota da na lauyan da zai bi fayil, jarin da mace za ta riƙe da hannunta. Gara a ɗauki gida 10 a kai su gaci da a yayyafa wa gida 200.

Saura tambaya guda mai wuya, wadda ba na so in tsallake. Su wa za a sa a cikin jerin? Soja da ɗan sanda ba gardama. 'Yan sa kai fa? Ba su da albashi, ba su da inshora, ba su da fayil a ko'ina, iyalansu sun fi kowa shiga uku. Amma kuma ba ɓoyayyen abu ba ne cewa a wurare da dama a Arewa maso Yamma an zargi 'yan sa kai da kashe Fulanin da ba su ji ba ba su gani ba, kuma wannan ya ƙara wa wutar mai. In aka yi wa kowa kirari jimla, akwai rugar da za ta ji kamar ana yi mata dariya. Ga abin da na ke gani, kuma na san ba kowa zai yarda ba: a raba girmamawa da taimako. Karanta suna a bainar jama'a shaida ce, sai a bar wa hakimai da dagatai da ardo-ardo su tantance wanda ya mutu yana kare gari. Taimakon maraya kuwa ba ya bukatar shaidar halin ubansa.

Ku kuma ɗalibai, akwai aikin da ba ya jiran kwamiti, kuma in ba a yi shi ba sauran duka zance ne. Babu jerin sunayen nan a hannun jama'a, sai an tattara. Marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, da ya tashi rubuta tarihin Yawuri ta ƙarni na 19, bai tsaya ga takardun Turawa ba, bakin tsofaffi ya bi. In kun tafi hutu, kowa ya ɗauki littafi ya fara da unguwarsu. Ku fara gai da mai unguwa ku nemi izini, ku shiga gida da sallama da ta'aziyya, kada ku shiga da alƙalami a hannu. Ku rubuta cikakken sunan mamacin da na mahaifinsa, da aikinsa da muƙaminsa, da shekarar da ya rasu da wurin, da yawan matansa da 'ya'yansa, da ajin da kowane yaro ya ke, da abin da aka biya da abin da ya maƙale, da ofishin da ya maƙale. In iyali sun ce ba su so a ambaci nasu a fili, ku bar musu. In kun tarar da tsohon da ubansa ya tafi Bama bai komo ba, shi ma ku rubuta.

Shugaba, a nan zan dakata, don a sami lokacin tambayoyi.